Gaskiya ko Jita-jita: Abin da Ake Faɗa kan Rigar Mama da Ɗan Kamfai a Karaye da Rogo

Babu kayan sawa da ake saye cikin gaggawa da sunkuyar da kai kamar kayan ciki. Mace za ta yi awa guda a Kantin Kwari tana juya atamfa, tana murza ta tsakanin yatsu, tana tayawa, amma da an zo kan rigar mama da ɗan kamfai sai ta miƙa kuɗi, a naɗe mata a baƙar leda, ta cusa ƙarƙashin hijabi. A Karaye da Rogo, da garuruwan da ke kewaye da su irin su Yammedi da Turawa da Zarewa da Fulatan, matan aure da yawa ba sa ma zuwa kasuwar da kansu. Ko dillaliya ta shigo da ƙullinta har tsakar gida, ko a aiki yarinya, ko a ci gaba da lallaɓa waɗanda suka zo a akwatin lefe, waɗanda dangin ango suka saya dozin-dozin bisa kintace.

Kayan kuma daga nesa suke. Ƙasar nan da ke maƙwabtaka da Ɗanja da Funtua ta san noman auduga tun kaka da kakanni, amma yau sababbin kayan ciki galibi daga ƙasar Sin ake kawo su, 'yan kasuwa su saro a Kwari ko Sabon Gari, na gwanjo kuma a Ƙofar Wambai. Abu ya zo daga inda ba a sani ba, da rubutun da ba kowa ke karantawa ba, ana kuma jin nauyin tambayar likita ko malami a kansa. A irin wannan wuri jita-jita ke yin ƙiba. Wasu daga cikin maganganun da ake yaɗawa suna da ƙamshin gaskiya, wasu ƙarya ce tsagwaronta, kuma akwai wadda take cin rai.

“Baƙar rigar mama na kawo ciwon daji”

Wannan ta fi kowace yawo, kuma ita na fi jin zafinta. Ana jinta a gidan suna, ana jinta a saƙon murya na WhatsApp: kada a sa baƙa, kada a sa mai ƙarfe, kada a kwana da ita, wai tana toshe hanyoyin jiki, dafi ya taru a nono ya zama daji. Ana faɗinta kamar gargaɗin tsofaffi, alhali daga Amurka ta taso, kuma ba da daɗewa ba. A 1995 wasu mata da miji, Sydney Ross Singer da Soma Grismaijer, suka fitar da littafi mai suna Dressed to Kill, suka ce matsin rigar mama na hana ruwan jiki gangarawa daga nono zuwa kaluluwar hammata. Ba likitocin daji ba ne, kuma ƙidayar da suka dogara da ita ba ta bi ta hannun masana sun tace ta kamar yadda ake yi wa binciken likitanci ba. Ba su kuma ware ƙiba gefe ba. Mace mai jiki ta fi buƙatar rigar mama, ta fi daɗewa da ita a jikinta, ƙiba kuwa bayan ɗaukewar al'ada tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna ƙara haɗarin dajin nono. Da haka aka ɗora wa riga laifin da ba nata ba.

A 2014 masu bincike na cibiyar Fred Hutchinson da ke birnin Siyatil, ciki har da Lu Chen da Christopher Li, suka bi diddigin maganar. Sun yi wa mata sama da 1,500 tambayoyi, 'yan shekara 55 zuwa 74, fiye da 1,000 daga cikinsu masu fama da dajin nono, sauran lafiyarsu ƙalau. Shekara nawa kika fara sa rigar mama, awa nawa kike yi da ita a yini, mai ƙarfe ce ko marar ƙarfe, wane girma kike sawa. Aka gwama amsoshin ɓangarorin biyu, ba a ga wata alaƙa tsakanin ko ɗaya daga cikin waɗannan da kamuwa da cutar ba. Launi kuwa ba shi da ƙofar da zai bi ya shiga ƙwayar halittar jiki. Gaskiya ne baƙin tufafi na ɗaukar zafin rana, amma abin da ke ƙarƙashin riga da hijabi rana ba ta ganinsa, kuma abin da zafi da gumi ke haifarwa ƙuraje ne da saɓulewar fata.

Cutar ma ta girmi rigar nesa ba kusa ba. Takardar likitancin tsohuwar Masar da ake kira Edwin Smith, wadda aka rubuta kimanin shekara 1,600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ta yi bayanin ƙari a ƙirji. Rigar mama irin ta zamani kuwa sai a 1914 wata Ba'amurkiya, Mary Phelps Jacob, ta yi wa tata rajista. Kakanninmu da suka rayu da ɗaurin ƙirji, ba su taɓa ganin rigar mama ba, su ma wannan ciwo ya ɗauki na ɗauka a cikinsu.

Abubuwan da aka san suna ƙara haɗari su ne yawan shekaru, da gado, musamman idan uwa ko 'yar'uwa shaƙiƙiya ta yi, da ƙiba bayan ɗaukewar al'ada, da shan giya, da fara al'ada da wuri ko ɗaukewarta a makare. Mata da yawa kuma suna kamuwa ba tare da ko ɗaya daga ciki ba. Ƙiyasin hukumar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya nuna sama da mata 32,000 ne suka kamu da dajin nono a Najeriya a shekarar, sama da 16,000 kuma suka rasu. Abin da ya sa masu rasuwa suka yi yawa haka shi ne mafi yawan marasa lafiya ba sa isa asibiti sai ciwo ya kai mataki na uku ko na huɗu.

A nan ne jita-jitar ke yin kisa. Mace ta ji ƙullutu a nono tana wanka, gabanta ya faɗi, sai ta tuna abin da aka faɗa a gidan suna. Ta kwashe baƙaƙen rigunanta ta zubar, ta zare ƙarfen sauran, ta zauna jiran ƙullutun ya baje tunda ta kawar da sanadi. Wata uku, wata biyar. Da ya ƙi bajewa sai a ɗauko jita-jita ta biyu, wai daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfen likita. A shiga shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, sai nono ya fashe yana wari sannan a nemi mota. Allurar da ake ɗebo ɗan nama da ita a kai ɗakin gwaji ita kaɗai ke tabbatar da ko daji ne ko ba shi ba ne, kuma yawancin ƙullutun nono, musamman a jikin 'yan mata da masu ƙananan shekaru, ba daji ba ne. Wadda ta je da wuri, sau da yawa albishir take dawowa da shi. Wadda kuma aka samu da cutar tun tana ƙarama, damar warkewarta babba ce.

Don haka abin dubawa jiki ne. Sau ɗaya a wata, bayan an yi wankan tsarki da 'yan kwanaki, mace ta shafa nonuwanta da hammatarta da tafin yatsu. Ƙullutu mai tauri, ko da ba ya ciwo, ko kan nono ya shige ciki, ko jini na fita daga gare shi, ko fatar ta yi kaushi kamar ɓawon lemo, ko gyambon da ya ƙi warkewa: kowane daga ciki ya isa a tafi asibiti a makon, a nemi a tura ta gaba idan da hali. Mutanen Karaye suna da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a birni, na Rogo kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika bai yi musu nisa ba, kuma yana da sashen kula da masu daji. Na san kuɗin mota da na gwaji ba wasa ba ne a wannan zamani. Amma maigida, idan iyalinka ta ce maka ta ji wani abu a ƙirjinta, ka sani sai da ta yi yaƙi da kunya kafin ta furta. Kada ka ce a bari sai an sayar da amfanin gona.

Kuɗi da waya a ƙirji

Wannan ƙanwar ta farko ce. Mai ƙosai ko mai awara ta cusa canji a rigar mama, sai a ce za ta jawo wa kanta daji. Takardar kuɗi ba ta haddasa daji. Ƙazanta dai tana da ita, domin ta bi ta hannun mahauci da mai faci da kwandasta, kuma gwaje-gwajen da aka sha yi a jami'o'in ƙasar nan sun sami ƙwayoyin cuta a jikin naira. Ga mai shayarwa wannan kaɗai ya isa dalili, tunda bakin jariri nan zai je. Lalita ko haɓar zane sun fi. Batun waya kuwa, a 2013 wasu likitoci a Amurka sun ba da rahoton mata huɗu masu ƙananan shekaru da suka kamu bayan sun daɗe suna ajiye waya a rigar mama. Mutum huɗu ba sa kafa hujja, kuma har yau ba a tabbatar da alaƙar ba. Wadda ta cire wayarta daga nan don hankalinta ya kwanta ba ta yi asarar komai ba.

“Shayarwa ke zubar da nono, rigar mama ke tsayar da shi”

Saboda wannan magana akwai amaren da ke gaggauta yaye, akwai masu kwana cikin matsi shekara da shekaru. Wani likitan fiɗa a Jami'ar Kentucky, Brian Rinker, ya bincika mata 132, aka buga sakamakon a 2008. Abubuwan da ya samu suna tafiya da zubewar nono su ne shekaru, da yawan ɗaukar ciki, da shan taba, da nauyin jiki, da girman nonon tun asali. Shayarwa ba ta ciki. Ciki ne ke kumbura nono ya ja fata da siraran jijiyoyin da ke riƙe da shi, ko an shayar ko ba a shayar ba. Rigar mama na ɗaga nono muddin tana jiki, tana rage ciwon baya da na kafaɗa ga mai manyan nonuwa, amma babu hujjar cewa kwana da ita na hana zubewa, kamar yadda babu hujjar cewa yana cutarwa.

Shayarwa ma kariya ce. Wani nazari da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 2002 ya haɗa bincike 47 daga ƙasashe 30, ya gano kowane wata 12 na shayarwa na rage haɗarin dajin nono da kimanin kashi 4.3 cikin ɗari. Shekara biyun da Alƙur'ani ya ambata ga mai son cika shayarwa, amfaninsu bai tsaya kan jariri ba. Abin da mai jego za ta kiyaye shi ne matsattsiyar riga, musamman mai ƙarfen da ke danna nono, domin tana iya toshe hanyar ruwan nono ya yi tauri ya kumbura, har zazzaɓi ya biyo baya.

Illar rigar mama ta gaskiya, wadda kusan ba a magana a kanta, rashin daidai ce. Dillaliya ta kwance ƙulli a kan tabarma, mata sun kewaye ta, kowa na ɗagawa da yatsu biyu tana dariyar kunya. “Gwaggo, anya wannan za ta shige ni?” Sai ta ce, “Haba 'yar nan, ai tana miƙewa, ɗauki kawai.” Babu gwaji, babu awo. Ga shi lambobin sun sha bamban: kayan Ingila da Amurka na ɗauke da 32, 34, 36, na yawancin Turai da Asiya kuma 70, 75, 80. Mai 34 ita ce mai 75, a kayan Faransa kuma ita ce 90. Lambar na nufin kewayen ƙirji a ƙasan nono, harafin A ko B ko C kuma, wanda kamfanonin Amurka suka fara amfani da shi a shekarun 1930, yana nuna tazarar da ke tsakanin wannan awo da na saman nono. Tef ɗin tela da minti biyu a ɗaki sun wadatar. Nauyin nono a kan maɗaurin da ya zagaye ƙirji ya kamata ya hau, igiyoyin kafaɗa taimako kawai suke yi. Idan bayan rigar na hawa sama, ko igiya ta yi rami a kafaɗa, ko ƙarfe ya hau kan nono ya bar jan shati, to ba taki ba ce. A zafin Maris zuwa Mayu irin wannan riga, musamman mai soso ta roba, ita ke sa ƙasan nono ya yi ja ya saɓule yana raɗaɗi.

Gwanjo, tsutsa da igiyar shanya

Ana cewa ɗan kamfan gwanjo na ɗauke da ƙanjamau, rigar mamar gwanjo kuma da dajin wadda ta fara sa ta. Duka biyun ba haka ba ne. Ƙwayar cutar ƙanjamau ba ta daɗewa da rai a busasshen tufafi, balle wanda ya yi makonni a jirgin ruwa kafin ya sauka Kwatano ya biyo ta Maraɗi ko wata iyaka ya iso Kano. Daji kuma ba a ɗaukarsa daga wani. Abin da tufafin wani ke iya ɗaukowa shi ne cututtukan fata irin su makero da ƙazuwa da ƙwarƙwata, kuma ruwan zafi da sabulu da rana da guga na gamawa da su. Ƙasar Gana ta hana shigo da kayan ciki na gwanjo tun 1994, ta kuma ɗaura ɗamarar aiwatar da dokar a 2011. A Najeriya gwanjo gaba ɗayansa yana cikin jerin kayan da kwastan ta haramta shigowa da su, ko da yake kowa ya san inda ake sayar da shi. A ganina rigar mamar gwanjo mai kyau, wadda aka wanke aka goge, ta fi sabuwar roba mai arha da ke ƙona fata. Ɗan kamfai kuwa, mai hali ta sayi sabo na auduga.

Akwai wani hoto mai tayar da tsikar jiki da ya daɗe yana zagaya wayoyi: nono cike da ramuka, wai tsutsotsi ne daga sabuwar rigar mama da ba a wanke ba. Hoton haɗi ne, an ɗora hoton ƙwanson 'ya'yan wani furen ruwa a kan fatar mutum. Sai dai a bayansa akwai gaskiyar da ta shafe mu kai tsaye. Wani ƙuda da ake kira tumbu, wanda ya fi yawa da damina, yana yin ƙwai a ƙasa mai fitsari ko a jiƙaƙƙen tufafin da aka shanya a inuwa ko a ƙasa. Ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta huda fata ta zauna, wurin ya kumbura ya yi baki. A 2004 likitoci biyu daga kudu maso gabashin Najeriya, Adisa da Mbanaso, sun buga rahoton wata tsohuwa 'yar shekara 70 da aka cire wa irin waɗannan tsutsotsi 14 daga nono. Ƙudan ba ya yin ƙwai a tsakiyar rana mai zafi, dutsen guga kuma, ko na gawayi ne, yana kashe ƙwan.

To a ina muke shanya kayan cikinmu? A bayan ƙyaure, a kan ƙusa cikin banɗaki, ko a igiya amma an lulluɓe da zane don kada surukai ko yara su gani. Wurin da babu rana, babu iska, wurin da ƙuda da naso suka fi so. Kunya ce asalin wannan, sai tsoro ya zo ya ƙara mata ƙarfi. Daga ƙarshen 2018 zuwa farkon 2019 labari ya cika kudancin ƙasar nan cewa ana satar ɗan kamfan mata ana tsafin kuɗi da shi, ya kuma iso Arewa ya tarar da tsohon tsoron sammu. An kama mutane da kayan mata a jaka, an kuma lakaɗa wa wasu duka bisa zargi kawai. Satar ta faru, amma ba a taɓa nuna mutum ɗaya da tsumma ya zame masa kuɗi ba. Wadda ke tsoro ta ɗaura igiya a cikin gida inda rana ke faɗawa, ta kwashe kafin magariba.

Ciwon sanyi da wandon maza

An saba ɗora duk wani ƙaiƙayi da fitar ruwa a kan masai ko ɗan kamfai. Akwai ɗan abin kamawa: roba mai riƙe gumi da jiƙaƙƙen wando na taimaka wa ƙaiƙayin da ke zuwa da farin ruwa mai kauri, shi ya sa ma'aikatan lafiya ke cewa a sa auduga, a canja kullum. Amma da yawa daga abin da muke tarawa mu kira sanyi ta hanyar saduwa ake ɗaukarsa, kuma idan aka yi wa mace magani aka bar miji, dawowa zai yi ko ta ƙone kayanta duka. Matse-matse da wanke ciki da sabulu mai ƙamshi su ma suna kashe ƙwayoyin da ke kare wurin.

A ɓangaren maza, maganar cewa matsattsen wando na rage haihuwa tana da tushe. Maraina na buƙatar sanyi kaɗan fiye da sauran jiki. Binciken Jami'ar Harvard na 2018 a kan maza 656 da suka je asibitin neman haihuwa ya nuna masu sa sakakken gajeren wando sun fi sauran yawan ƙwayoyin maniyyi da kimanin kashi 25 cikin ɗari. Amma yawancin masu matsattsen ma adadinsu bai faɗi ƙasa da na lafiya ba, wani binciken kuma da aka yi a kan ma'aurata kimanin 500 bai ga bambanci a saurin samun ciki ba. Ɗan acaɓa da direban da ke yini a kan kujera mai zafi, da manomin rani da ke yini a lambu a bakin dam ɗin Challawa, sakakken wando na auduga ya fi musu. Wanda ya shekara da aure babu labari, gwaji zai je, shi da matar tare, domin kusan rabin matsalar rashin haihuwa akwai hannun namiji a ciki.

“Duk mai launin bakan gizo na 'yan neman jinsi ne”

Wannan sabuwa ce, kuma a kanta ake saurin hawa dokin zuciya. Ga abin da yake gaskiya. A 1978 wani mai zane a San Faransisko, Gilbert Baker, ya ɗinka tuta mai launi takwas don masu fafutukar 'yancin masu neman jinsi ɗaya. Daga 1979 ta koma launi shida a jere: ja, ruwan lemo, rawaya, kore, shuɗi da shunayya. A 2018 aka fito da wani samfurin da ya ƙara kusurwa mai baƙi da ruwan ƙasa da shuɗi mai haske da ruwan hoda da fari. Watan Yuni ne watan bikinsu a Amurka da ƙasashe da dama, kuma manyan kamfanoni irin su Calvin Klein kan fitar da gajerun wanduna da rigunan mama masu waɗannan launuka a maɗauri, wani lokaci da kalmar Pride a rubuce. Ko a can ba kowa ya yarda ba: a 2023 kantunan Target na Amurka sun janye wasu daga irin waɗannan kaya bayan ƙorafi da barazana ga ma'aikatansu. Idan wata ya wuce, ragowar da waɗanda aka sa aka gaji da su sukan bi sauran tufafi zuwa kamfanonin da ke ɗaure gwanjo. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a tsinci ɗaya a tulin kaya ranar kasuwa.

Daga nan ne jita-jita ke karɓa. Cewa an turo su musamman don 'ya'yan Musulmi ba ta dace da yadda ake cinikin ba. Ana ɗaure dila ne bisa nauyi da irin kaya da darajarsu, kuma ɗan kasuwar Ƙofar Wambai ba ya sanin abin da ya saya sai ya yanke ƙarfen ɗaurin kaya sun watse a gabansa, balle wanda ya saro daga hannunsa ya kai Rogo. Cewa an shafa musu wani sinadari da ke juya sha'awar yaro kuwa, babu wani sinadari da aka sani yana yin haka ta fata, kuma babu launin da ke canja halin mutum.

Ba kuma kowane bakan gizo ne wannan tuta ba. Mai launi bakwai yana cikin littafin kimiyyar firamare. Ƙungiyar ƙawancen ƙungiyoyin gama-kai ta duniya ta yi amfani da tutar bakan gizo daga 1925 zuwa 2001. Masu zanga-zangar neman zaman lafiya a Italiya sun ɗaga tasu tun 1961, birnin Cusco na ƙasar Peru ma tutarsa ke nan. A 2020, lokacin kullen korona, yara a Ingila sun cika tagogi da zanen bakan gizo don gode wa ma'aikatan asibiti, kamfanoni suka buga shi a kayan yara masu ɗimbin yawa, kuma irin waɗannan kaya ne ke ƙarewa a dila bayan 'yan shekaru.

Mun riga mun ga yadda wannan batu ke gudu ya bar tantancewa a baya. A Yulin 2024 jaridar Daily Trust ta ba da labarin cewa Yarjejeniyar Samoa da gwamnatin tarayya ta sa wa hannu ta ƙunshi sharaɗin amincewa da masu neman jinsi. Aka yi ta huɗuba da tofin Allah tsine a faɗin Arewa. Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya ta karanta takardar ta ce babu wannan sharaɗi, hukumar sauraron ƙorafi kan kafafen yaɗa labarai ta ce rahoton ba daidai ba ne, jaridar kuma ta nemi afuwa. Waɗanda suka ji labarin farko sun ninka waɗanda suka ji gyaran.

Matsayin addini da na mafi yawan jama'ar nan kan neman jinsi sananne ne, dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ma tana nan. Amma dokar aure da ƙungiyoyi da bayyana alaƙa ta ambata, ba ta ce komai kan launin tufafi ba. Abin da ke damuna shi ne saurin da muke yi mu tashi daga kan tsumma mu faɗa kan mutum. Saurayi ya sunkuya a filin ƙwallo, wani ya hango maɗaurin wandonsa mai launuka, kafin la'asar an laƙaba masa sunan da zai bi shi har gidan da zai je neman aure. Mai tebur a kasuwa, wanda bai san ma'anar rubutun ba, a ɗauki hotonsa a saka a Facebook a ce wakilin Turawa ne. Jifan mutum da irin wannan zargi babu shaida ƙazafi ne, kuma Musulunci ya yi masa hukunci mai tsanani. A ƙasar da taron jama'a ke kashe mutum kan ihun ɓarawo, wannan zargi na iya zama ajalin wani. Ko wanda ake ganin zargin ya tabbata a kansa, babu shari'ar da ta miƙa wa 'yan unguwa jininsa ko mutuncinsa.

Uwar da ta ga launi shida a jere da kalmar Pride a maɗaurin wandon da aka sayo wa ɗanta, kuma ba ta so, ta mayar wa mai kaya cikin sirri ta ce, “Malam, canja mini wannan,” ta gaya masa dalili don ya ware sauran idan ya ga dama. Wadda kuma ta ga bakan gizo da gajimare da rana a jikin ɗan kamfan 'yarta 'yar shekara uku, zanen yara ne. Ta wanke shi da ruwan zafi, ta shanya a rana, ta goge, ta sa mata.